Daga Bakin Maƙwabci Zuwa Katin Aljihu: Yadda Maginin Arewa Ke Sanar da Kansa

Katin sana'a ɗan kwali ne mai tsawon milimita 85 da faɗin milimita 55, wanda ke ɗauke da sunan mai sana'a, irin aikin da yake yi, da lambar da za a same shi. A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, wato ƙasar Arewa ta jihar Doso, baƙo ne a aljihun magini. Yau ana ganinsa a hannun ɗan kwangilar da ke zaune kan benci yana jira a ofishin magajin gari, ana ganinsa manne a ƙofar shagon mai sayar da siminti da kwano, hotonsa kuma yana yawo a WhatsApp tsakanin ƴan Arewa mazauna Yamai, Legas, Kwatano da Abijan. Shekara 40 baya babu maginin ƙauye da zai ɓata kuɗinsa a kansa, domin duk wanda zai ba shi aiki ya san ƙofar gidansu, ya san ubansa. Abin da ya kawo katin shi ne tazarar da ta shiga tsakanin magini da wanda ake gina wa, kuma wannan tazara ce ke nuna abin da ya cancanci a rubuta a kai da abin da ya kamata a bari.

A tsoffin garuruwan Dallol Mauri, irin su Lugu, Bagaji da Matankari, gini aikin rani ne. Sai an gama girbi, an ɗaure gero an kai gida, sannan hankali ke komawa kan ɗakin da ruwa ya zaizaye da darnin da ya kwanta. Yawancin aikin ba ya buƙatar gwani. Maigida da ƴaƴansa su haƙo ƙasa a kududdufi, su kwaɓa ta da ciyawa, su yi tubali. Ran ɗora jinka a kira gayya, mata su dama fura, kafin la'asar an gama. Inda ake neman mai hannu wurare uku ne: rumbun ƙasa, wanda kuskure kaɗan ke sa ya tsage da hatsin shekara a cikinsa, rijiya, musamman a kan tudu inda ruwa ke da nisa, da soro mai rufin azara, wanda sai sarakuna, malamai da attajirai ke iya ɗaukar nauyinsa, tunda azarar ma daga kurmin giginya na kudancin dallol, wajen Gaya, ake ɗauko ta.

Wanda ya ga rumbu ya burge shi, tambaya ɗaya yake yi: "Wa ya gina maka wanga?" Amsar ba ta zuwa da suna shi kaɗai. Za a ce wane ɗan wane, na gari kaza, shi ya yi na mai gari, shi ya yi na liman, damina biyar ke nan bai tsage ba. A cikin wannan gajeriyar amsa akwai duk abin da mai neman magini ke buƙata: sunan da ke ɗaure da sanannen gida, aikin da ake iya zuwa a shafa da hannu, da mutumin da ya tsaya shaida. Akwai kuma abin da ba a faɗa ba amma kowa ya sani, wato inda za a kai ƙara. Maginin da ya karɓi dammunan gero ya bar aiki rabi ya san za a neme shi a zauren mai gari, in ta ƙi a wuce fadar Sarkin Arewa ko ta Samna a Tibiri, kuma kunyar za ta bi ƴaƴansa. A manyan biranen ƙasar Hausa tsarin ya kai har ga sarautar Sarkin Magina, kuma sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, ya kusa ƙarni biyu yana tafiya a bakin mutane. Ko a zamanin nan, Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, hasumiyoyin masallacin ne suka yi masa talla har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Baƙon kaya ne ya fara girgiza wannan tsari. Faransawa sun kafa bariki a Dogon Dutsi a farkon ƙarni na 20, suka yi gine-ginensu da hannun mutanen da aka kamo aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. A irin waɗannan wurare ƴan ƙasa suka fara riƙe cokalin gini da igiyar awo. Bayan samun ƴancin kai a 1960 abin ya ƙara sauri: masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki, hukumar OFEDES da aka kafa a 1963 ta shiga ƙauyuka tana gina rijiyoyin siminti masu faɗin mita 1.80, babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni da ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta sami kwalta. Samari masu tafiya cin rani Sakkwato, Legas ko Kumasi suka riƙa dawowa da sana'ar da ba su gada ba. Wannan sabon magini, maso, ubansa manomi ne ko maƙeri, ba a san gidansu da gini ba, don haka tsohuwar tambaya ta rasa rabin amsarta. Farin 1973–74 da na 1984–85 suka ƙara da nasu: itace ya yi wuya, azara ta yi tsada, rufi ya koma kwano da ƙarfe. A 1980 aka fara koyar da gini marar katako, mai rufin tulluwa na tubalin ƙasa, a Shikal ta ƙasar Filinge, maƙwabciyar Arewa daga yamma, daga nan ya bazu. Waɗanda suka bi irin wannan horo sukan fito da takardar shaida, kuma ga da yawansu ita ce takarda ta farko da ta taɓa faɗin abin da hannunsu ya iya.

Rubutu kuwa ta jikin ginin kansa ya fara shiga sana'ar. Kafin simintin bakin rijiya ko na dakalin masallaci ya bushe, maso yakan ɗauki ƙusa ya zana sunansa da shekara, wani da boko, wani da ajami, kuma har yau mai lura zai ga irinsu a tsoffin rijiyoyi, igiyar guga ta cinye rabin haruffan. Sai allon bakin hanya, wanda mai fenti ke rubutawa a guntun kwano: sunan kamfani da faransanci, haruffa uku na BTP masu nuna cewa kamfanin na gine-gine ne, da lambar akwatin gidan waya. Katin aljihu a lokacin na manyan ƴan kwangilar Yamai ne da ma'aikatan hukuma. A Dogon Dutsi tarho bai wuce ofisoshi da gidaje ƴan kaɗan ba, kuma aiken yaro ya kira mutum ya fi akwatin gidan waya sauri.

Shekarun 1990 da na 2000 ne suka haifi ɗan kwangilar karkara. Hukumar NIGETIP, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990 bisa misalin AGETIP ta Senegal, ta riƙa yanka ayyukan gwamnati ƙanana-ƙanana yadda ƙaramin kamfani zai iya ɗauka. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou, da kuɗin yafe bashi, ya watsa azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, ƙasar ta sami guda 265, kuma a 2011 Tibiri ta zama gunduma ta kanta da ƙananan hukumomi 4, wato Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa, Dogon Dutsi ta saura da 6: ita kanta, Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dogon Kirya da Sukukutan. Ofisoshin magajin gari 10 ke nan, kowanne da ajin da zai gina, da rumfunan kasuwa, da makewayin makaranta, da rijiyar da za a yashe. Ga kuma ƙungiyoyin agaji da abokan hulɗa na waje, irin su garin Orsay na Faransa da ya daɗe yana aiki da Dogon Dutsi.

Waɗannan masu ba da aiki ba sa tambayar ɗan wane ne. Takardu suke tambaya: rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIF, takardar amincewar ma'aikata da ke nuna rukunin ayyukan da kamfani ke da izinin nema, hatimi, da takarda mai sunan kamfani a kai. Nan sana'ar ta rabu. Mai takardu shi ke karɓar kwangila, mai cokali shi ke gini, a tsakaninsu akwai ɗan jinga da ke karɓar aiki a dunƙule ya nemo leburori. Akwai masu kamfani da suka fara daga dakon yashi suka hau mataki-mataki, kuma aikinsu yana tsaye. Akwai waɗanda ba su taɓa auna kusurwa ba, sanayya ce jarinsu, kuma azuzuwan da bangonsu ya dare kafin a yaye ɗaliban farko suna nan suna ba da labari. Katin wannan zamani kan takardar kamfani ne aka matse: suna, sannan jerin gini, hanyoyi, rijiyoyi, kayan ofis, shigo da kaya da fitarwa, sufuri da kasuwanci na kowane iri, an lafta masa kaya kamar motar ranar kasuwa. Don ya burge akawu aka yi shi, kuma bai ce uffan ba a kan ko mai shi ya iya gini.

Wayar salula ce ta sa katin ya zama abin amfani ga kowa. Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, sauran kamfanoni suka biyo, eriya ta bi babbar hanya kafin ta shiga ƙauyuka. A 2006 lambobin ƙasar suka tashi daga shida zuwa takwas, duk kati da allon da aka riga aka buga suka tsufa rana ɗaya, aka riƙa ƙara lamba biyu da biro a gaban tsohuwar. Ƙaramin maso bai jira mai buga kati ba. Ya ɗauki gawayi ko ragowar fenti ya rubuta lambarsa a bangon ginin da yake kai, ta gefen hanya, kuma wannan talla har yanzu tana ko'ina a sababbin unguwanni. Ƙarfinta shi ne lambar tana zaune a kan hujjarta: mai wucewa yana ganin jerin birgin, yana ganin ko kusurwa ta miƙe, kafin ya kira.

Babban sauyin da wayar ta kawo shi ne mai gini da ba ya gida. Ɗan Dumega da ke kasuwanci a Abijan, ma'aikaciyar Yamai da ke son gina wa mahaifiyarta ɗaki a Gesheme, ɗan cin ranin da ke turo kuɗi kaɗan-kaɗan ta Nita ko Al Izza, a buga birgi bana, a ɗora linta baɗi, duk suna damƙa gumin shekaru a hannun mutumin da wataƙila ba su taɓa haɗa ido da shi ba. Matsalar tsaro da ta taɓa yankunan kan iyaka a shekarun nan ta ƙara rage zirga-zirga, har da yawa sukan duba aikinsu ta hoto. Irin wannan mutum shi ne ainihin mai karanta kati, kuma shi ya fi kowa fuskantar hasara. Tambayoyinsa su ne dai na da: wane ne, me ya gina, wa ya san shi, ina za a same shi in abu ya ɓaci. Tsara kati mai kyau ga ɗan kwangilar Arewa shi ne amsa waɗannan a filin da bai wuce faɗin yatsu uku ba.

Suna ne farko, kuma nan ake yawan kuskure. Kamfanoni suna son sunaye masu nauyi, na albarka da nasara, ko haruffa huɗu da babu wanda ya san fassararsu, alhali a gari da laƙabi aka san mutumin. In baƙo ya sauka tasha ya ambaci sunan kamfani, ɗan kabu-kabu zai girgiza kai. In ya ambaci laƙabin, har ƙofar gida za a kai shi. Sunan rajista dole ya fito yadda yake a takardu, harafi da harafi, domin akawun magajin gari zai gwada su, amma a ƙarƙashinsa sai a sa sunan mutum, da wanda aka fi saninsa da shi, da garinsu. Muƙami kuma a faɗi gaskiyarsa. Wanda ya shekara 20 yana gini ba shi da abin jin kunya a sunan magini, kuma kiran kai injiniya ba tare da karatun ba yaudara ce da kan ƙare a rufin kankaren da ke bisa kawunan mutane.

Bayan suna, lambar waya ce ya kamata ta fi komai girma. Wajen mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijar ne ke karatu da rubutu, a karkara ma abin bai kai haka ba, amma da wuya a sami mai waya da bai san lambobi ba. Ana rubuta ta bibbiyu, gida huɗu, yadda ake faɗinta a baki, da baƙar tawada a kan fari, da +227 a gaba saboda masu kira daga Najeriya, Benin ko Gana. Layi biyu na kamfanoni daban-daban sun isa, tunda akwai ƙauyen da wannan ke kamawa wancan ba ya kamawa, sai a nuna wanda ke da WhatsApp. Kati mai lamba huɗu ko biyar yana sa mai kira ya yi zaton mai shi gudun masu bin bashi yake yi, ko da ba haka ba ne. Lambar da aka buga kuma amana ce: wanda ya bar layinsa ya mutu har kamfani ya sayar wa wani, katunansa za su ci gaba da aika mutane wurin baƙo, wani lokaci har da kuɗinsu. Adireshi kuwa kwatance ne, irin "gabas da tasha" ko "bayan kasuwar dabbobi", kuma wannan ba ƙauyanci ba ne, domin katunan ƴan kasuwar Landan na ƙarni na 17 da farkon na 18 haka suke, wasu har da ƴar taswira, tunda a lokacin ba a sa wa gidajen birnin lamba ba.

A wajen irin aiki, abu biyu ko uku sun isa. Mai neman wanda zai haƙa masa rijiya a kan tudu yana son ya ga rijiya a fili, ba a tsakiyar kayan ofis da sayar da taya ba. Wanda ke da harkoki da yawa ya buga kati biyu, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Hoto kuwa shi ne inda katunan yanzu suka fi nisa da gaskiya. Mai kwamfuta yakan shiga intanet ya ɗauko benen gilashi mai hawa da yawa, da ƙugiyar ɗaga kaya, da Bature mai rawayar hular kwano, ya ɗora a katin mutumin da aikinsa azuzuwa ne da shagunan kasuwa. Babu wanda wannan hoto ke ruɗa, amma yana cinye wurin da hujja za ta zauna. Hoto ɗaya na aikin mai katin, wanda aka ɗauka da safe ko da yamma kafin rana ta wanke launi, babu tarkace a gabansa, ya fi shi daraja nesa ba kusa ba. In ba zai fito da kyau a ƙaramin fili ba, alama mai sauƙi ta wadatar, cokalin gini ko bakin rijiya da guga, domin ga wanda ba ya karatu ita ce ke bambanta katin magini da na mai gyaran babur a cikin tarin takardun aljihu.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani, kuma ba a cika ganinsa ba, shi ne ambaton aiki ɗaya ko biyu da aka gama, da gari da shekara: azuzuwa uku a ƙauye kaza, rijiya a ƙauye kaza. Layi biyu ne kawai, amma suna ba mai gini da ke Abijan damar ya kira ƙanensa ya ce, "Hau babur ka tai ka gano mini." Gani ya kori ji. Gidan mutum ba a ambata shi sai da izininsa, ginin jama'a kuwa kowa na iya zuwa ya duba ko bango ya tsage, ko kwano na yoyo, ko daɓe ya fashe. Ɗan kwangilar da ya yarda ya rubuta wannan ya ɗaure kansa da aikinsa. Lambobin RCCM da NIF irin wannan aiki suke yi ga ofis, kuma wurinsu ƙasan kati ne da ƙananan haruffa, ga mai neman kwangilar hukuma. Mason da ke aikin gidaje ba ya buƙatarsu, aron na wani kuma laifi ne.

Faransanci ne ya mallaki katin tun farko, domin shi ne harshen takardun kwangila, alhali ciniki da awo da rigimar kuɗin lebura duk da Hausa ake yinsu. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, faransanci da Ingilishi harsunan aiki, amma ko ba don doka ba, mai gida da harshensa ya fi gane abin da zai biya. Faransanci a gaba don ofis, Hausa a baya don mai gida, tsari ne da ya dace da Arewa. Wahalarsa ita ce haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda wasu nau'ukan rubutun kwamfuta ba su da su, sai su fito akwati-akwati, ko mai bugawa ya miƙe su bai faɗa ba. Layi ɗaya na ajami kuma yana kai katin ga alhazai da ƴan kasuwar da makarantar allo suka yi, waɗanda ba kaɗan ba ne cikin masu kuɗin gini.

Da, sai an aika Yamai, Sakkwato ko Birnin Kebbi a bugo. Yanzu shagon kwamfuta a Dogon Dutsi ko Doso yana tsara shi a Word, Publisher ko CorelDRAW, matasa kuma a Canva kan waya, a jera 10 a takardar A4 a yanka. Sauƙin ya zo da raunin kaya. Takarda mai nauyin giram 300 zuwa 350 ce ta dace, ta ofis mai giram 80 ba ta kwana biyu a aljihu, kuma tawadar ruwa tana narkewa da gumi. Katin magini yana shiga inda na likita ba ya zuwa: hannu mai danshin siminti, aljihu mai goro da tsabar kuɗi, zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Rufe shi da leda yana tsawaita kwanansa, sai dai biro ba ya kama leda, kuma a wurin gini bayan kati ne takardar da ta fi kusa in za a rubuta awon ɗaki, yawan buhunan siminti ko ranar dawowa. Shi ya sa masu dabara ke lulluɓe gaba kaɗai, su bar rabin bayan fari. Ana barin milimita 3 a kowane gefe babu rubutu saboda abin yanka ba ya tafiya daidai, haruffa kada su gaza maki 8 tunda yawancin masu gini sun wuce shekarun kaifin ido, launi biyu kuma sun isa. Launin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan fito a dushe a takarda, don haka a fara buga gwaji ɗaya, a fita da shi rana a karanta, a kira lambar da ke kai a ji ko wayar mai ita za ta yi ƙara, sannan a buga sauran.

Yau kati ɗaya yakan wuce hannu da yawa ba tare da ya bar aljihu ba, domin wanda aka ba shi hotonsa yake ɗauka ya tura. Wannan ya ƙara sharaɗi: dole ya karantu a fuskar ƙaramar waya bayan WhatsApp ya matse hoton, leda mai sheƙi kuma tana mayar da haske ta rufe lamba. Wasu sukan karɓi hoton asali daga mai kwamfuta su ajiye a waya, su riƙa turawa tare da saƙon murya da ɗan bidiyon aikin da suke kai. Sauƙin turawar ya buɗe ƙofar zamba, tunda ana iya ɗaukar katin mutumin kirki a goge lambarsa a sa wata, a karɓi kuɗin kafin alƙalami a ɓace. Masu aika kuɗi da suka san ciwon kansu ba sa tsayawa ga kati. Sukan sa ɗan'uwa ya je ya ga mutumin ido da ido, a rubuta yarjejeniya mai farashi, wa'adi da matakan biya, gaban shaidu, sau da yawa a zauren mai unguwa.

A ƙauyukan da ke nesa da kwalta, maginin rumbu da mai yasar rijiya da matan da ke daɓe har yanzu ta bakin maƙwabta da ranar kasuwa aiki ke samunsu. A cikin gari kuwa sababbin masu kamfani suna ta fitowa, musamman bayan ambaliyar 2024, wadda ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a faɗin Nijar ta kuma ƙara tura masu hali ga harsashin dutse da siminti. Ga mai farawa, kati 50 ko 100 sun isa karo ɗaya, domin lamba tana sauyawa, shago yana tashi, kamfani yana hawa rukuni, kuma aikin da aka ambata bana zai sami wanda ya fi shi baɗi. Inda ake ajiye su ya fi yawansu muhimmanci: shagon mai siminti da ƙarfe, wurin mai walda da kafinta, masu buga birgi, direbobin tifa da masu amalanken yashi, domin waɗannan ne mai shirin gini ke fara tambaya tun bai sayi buhun farko ba.